Ruwan baya daga ƙauye zuwa Yamai: yadda PCR ta shigo yaƙin sanƙarau

Duk wanda ya tashi a Gidan Sori ya san sanƙarau, ciwon da ke zuwa da iskar rani, wuyan yaro ya sandare. Abin da ban taɓa ji ba sai a darasin ADN (maƙwabtanmu na Najeriya DNA suke cewa) shi ne yadda ake gane irin ƙwayar da ta kawo annobar.

A da, in an ɗebi ruwan bayan majinyaci, sai an raini ƙwayar a labo kafin a san ta. To amma ƙwayar sanƙarau ba ta da juriya. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Kafin mota ta isa, ta mutu.

Maganin wannan matsala daga nesa ya fito. A 1983, Kary Mullis a Amurka ya ƙirƙiro PCR, dabarar kwafar guntun ADN. A dafa shi kusan digiri 95 igiyoyinsa biyu su rabu, a sauke zafi wasu ƴan guntaye su kama wurin da ake nema, sannan a digiri 72 wani sinadari ya gina sabuwar igiya. Ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu. Zagaye 30, kwafi wajen biliyan guda. Sinadarin ma, Taq, daga wata ƙwaya ya fito mai rayuwa cikin tafasasshen marmaro a Yellowstone. Ni wannan ya fi ba ni mamaki, wallahi. Mullis ya sami kyautar Nobel a 1993.

PCR ba ruwanta da ƙwaya na raye ko ta mutu, ADN ɗinta kawai take bukata. Shi ya sa daga 2002 cibiyar CERMES ta Yamai ta fara karɓar ruwan baya daga likitocin karkara tana aunawa. A 2006 aka ga nau'in X ya yaɗu. Rigakafin MenAfriVac na 2010 ya karya nau'in A, sai ga nau'in C a 2015, ya kama dubban mutane. Allurar A ba ta kare yaro daga C, don haka sakamakon labo ke nuna wace allura za a yi oda.

Abin da ban yarda da shi ba, a ce awon da ran yaron Gidan Sori ya rataya a kai sai ya jira motar Yamai. Ga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan a Maraɗi, ga mu ɗalibai muna haddace matakan nan uku a allo.