Daga Ƙofar Ganuwa Zuwa Lambar NIN

Masu tsaron kwamfuta hanya biyu gare su. Ko dai a tara sunayen miyagun manhajoji a hana su shiga, ko kuwa a rufe wa kowa ƙofa, sai wanda aka tantance za a buɗe wa. Ta biyun ta fi ƙarfi, domin mugu kullum sake kama yake yi, amintattu kuwa ƙididdigaggu ne. Ƙasar Gusau ta san wannan tun ba a yi mafarkin intanet ba, kuma tarihinta ya nuna inda ƙarfin tsarin yake.

Bayan da Muhammadu Bello ya ci 'Yandoto, tsohon garin malaman nan na kusa da Tsafe, Malam Sambo Ɗan Ashafa da jama'arsa suka kafa Gusau wajen 1811. Garuruwan yankin, har da Bungudu, sun shafe ƙarni na 19 cikin fargabar hari, musamman daga Katsinawan Maraɗi. Mai tsaron ƙofar ganuwa bai haddace sunayen mahara ba, ba zai ma iya ba. Fuskokin mutanen gari ya sani, rana na faɗuwa kuma a rufe ƙofa. Farke baƙo sai ya sauka gidan fatoma, shi zai gabatar da shi ga dillalai, shi zai tsaya masa, in baƙon ya ci amana fatoman za a tuhuma. Jirgin ƙasa da ya iso a ƙarshen shekarun 1920 ya kawo 'yan cinikin gyaɗa da auduga fiye da yadda ido zai gane, sai takarda ta gaji fuska.

Abin da muka gani a zamaninmu jikan wancan ne. A farkon Satumba 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta sa aka katse layukan waya a duk Zamfara, sannan a ranar 1 ga Oktoba aka buɗe wa Gusau kaɗai, Tsafe da Bungudu suka ci gaba da jira. A Afrilu 2022 kuma aka hana duk layin da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba yin kira.

Za a ce ai 'yan bindiga ba su daina buga waya suna neman kuɗin fansa ba, kuma infoma ɗan gari ne da kowa ya sani. Gaskiya ne, haka ma ya faru a Amurka a 2020, lokacin da masu kutse suka bi ta cikin manhajar SolarWinds, wadda ma'aikatun gwamnati suka amince da ita. Amma wannan bai rushe tsarin ba, ya dai tona abin da aka zubar a hanya. Amincin da aka yi wa farke yana da mai ɗaukar asara, kuma duk zuwa sai an sabunta shi. Yau kuwa, wakilin da ya yi wa layi rajista da lambar wani ba kasafai ake waiwayarsa ba, layin kuma ya zama amintacce har illa masha Allahu. Manomin ƙauyen Tsafe da hanyar zuwa ofishin rajista ta gagare shi saboda daji, shi ne ke kwana a bayan ganuwa.