Zaɓen Rigar Sama ga Masu Zamiya a Tsaunukan Ƙanƙara: Raunin Ma'aunin Fitar Tururi

Tsakure

Maƙalar nan tana ƙalubalantar dogaro da lambar fitar tururi wajen zaɓar rigar sama ga masu zamiya a tsaunukan da babu na'urar ɗaukar mutane, irin hanyar Haute Route daga Chamonix zuwa Zermatt. Matsayinta shi ne ratsawar iska ta fi cancanta a fara dubawa.

Bitar ayyuka

Tun da Bob Gore ya gano tantanin ePTFE a 1969, hankalin masana'antu ya karkata ga tsare ruwa. Wajen fitar tururi kuwa, kamfanoni da dama suna tallata lambar MVTR, wato giram nawa na tururi ke ratsa murabba'in mita na yadi cikin awa 24. Da su ne jayayyarmu. Ana samun lambar a ɗakin gwaji mai ɗumi, kuma hanyoyin gwajin sun bambanta har yadi guda yakan ba da lambobi mabanbanta. Ma'aunin RET na ISO 11092, wanda ke auna juriyar yadi ga fitar tururi, mai amfani da faranti mai zafin digiri 35 a madadin fata, ya ɗan fi kusa da gaskiya.

Hanyar bincike

An kwatanta sharuɗɗan waɗannan gwaje-gwaje da yanayin jikin mai hawan tsauni a sanyi.

Sakamako

Mai irin wannan zamiya yakan shafe sa'o'i yana hawa, ya sauko cikin mintuna. A hawan, zufarsa na iya kai lita guda a awa. Tantanin da iska ba ta ratsa shi ba ya sakin tururi sai damshi ya taru a cikin rigar, wato sai mutum ya riga ya jiƙe. A tsananin sanyi ma tururin yakan koma ruwa a jikin yadin tun bai fita ba. Haɗarin yana zuwa ne a ƙololuwa, lokacin da aka tsaya cikin iska, domin ruwa ya fi iska janye zafin jiki kusan sau 25. Tantanin da aka yi da siraran zaruruwa, irin NeoShell na Polartec da Futurelight na The North Face, yana barin iska kaɗan ta ratsa, sai ta kwashe damshin tun bai taru ba. Zif ɗin hammata ma yana wannan aiki, kuma babu gwajin yadi da ke lissafa shi. Abin takaici ne a ce mai saye ba kasafai yake ganin lambar ratsawar iska a jikin riga ba.

Miƙewar yadi kuwa tana sauƙaƙa ɗaga hannu da sandar zamiya, sai dai zaren elastan yana jinkirta bushewa. Yadin da saƙarsa ce ke ba shi miƙewa ya fi.

Iyakar bincike

Dole a yarda cewa hujjar ta fi ƙarfi a busasshen sanyi irin na tsaunukan Kolorado. A gaɓar Norwe ko Sikotland, inda dusar kan zo haɗe da ruwan sama da guguwa, riga mai tsananin tsare ruwa tana da gurbinta. Haka kuma ba a yi gwaji a jikin mutane ba.