Calawa, Kofa da Sarkin Karaye

A takardar gwamnati sunan babban dam ɗin da ke Karaye Challawa Gorge Dam. Je ka faɗa wa direba haka a tasha, ka ga kallon da zai yi maka. Shi dam ya sani. "Madatsar ruwa" kalmar 'yan rediyo ce, mai kyau kuwa, amma masuncin da ke shanya komarsa a bakin ruwan bai cika furta ta ba. Ita kalmar tsakiyar, wadda ke nufin kwazazzabo, tun da aka gama ginin a 1992 ba ta sami masauki a bakin kowa ba.

Sunan kogin ma ba a bar shi ba. Bakinmu Calawa yake cewa, kuma a ƙa'idar boko harafin "c" kaɗai ya isa. "Ch" da ninkin "l" rubutun Bature ne da ya zauna a taswira, muka gaje shi har a allunan kan hanya. Ruwan dai bai damu ba: yana gangarawa ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja.

A Kusalla, nan cikin Karaye, akwai wani dam ɗin, gefensa kuma sansanin masu bautar ƙasa na Jihar Kano. Nan aka sami kalmar da ta fi ba ni dariya. Yara na kiran matashin da ke sanye da kaki "kofa", daga Turanci. Lanƙwasa ɗaya ce ta raba shi da ƙofa. Baƙon da ya zo neman tsohuwar ƙofar gari, in harshensa bai iya ƙ ba, sai a nuna masa ɗan Inugu yana sayen rake. Haka Rogo, maƙwabciyar Karaye, take sha a hannun masu tsokana, yau a haɗa ta da kwaki, gobe da roƙo.

Sunan da ya fi ɗaukar kaya shi ne Sarkin Karaye. Shekara da shekaru ana kiransa sarki alhali hakimi ne a ƙarƙashin Kano. A 2019 gwamnatin Ganduje ta mai da Karaye masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Bichi, Rano da Gaya. A Mayun 2024 aka rushe su, a Yuli aka dawo da Karaye a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu kacal, Karaye da Rogo. Cikin shekara biyar matsayin ya juya sau uku, amma mai faɗuwa gaisuwa a ƙofar fada "ranka ya daɗe" ɗin da kakansa ya faɗa shi yake faɗa.