Abinci mai ƙarancin gishiri: abin da likita ke nufi, da inda gishirin ke ɓuya a girkin Zango

Abinci mai ƙarancin gishiri tsari ne da likita ke ɗora wa mai hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ko ciwon hanta da ya kai ga tara ruwa a ciki. Ainihin abin da ake ragewa shi ne sinadarin sodiyam, wanda ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na gishirin miya. Sodiyam na riƙe ruwa a jiki. Idan ya yi yawa sai jini ya hau, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, maganin fitar da ruwa kuma ya kasa aiki yadda ya kamata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato miligiram 2,000 na sodiyam, ƙasa kaɗan da cokalin shayi ɗaya. Rahotonta na 2023 ya nuna cewa a duniya ana cin sama da ninki biyu na wannan. Ga mai jinya, likitansa ne ke yanke adadin, kuma lissafin ya haɗa da duk abin da ya shiga baki tun daga karin kumallo har tuwon dare.

A unguwannin Zango na Accra, irin su Nima da Maamobi, matsalar ba a barbaɗen gishiri kaɗai take ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma sau da yawa ana jefa biyu ko uku a tukunya bayan an riga an sa gishiri. Farin magi ma yana da sodiyam. Ga koobi da momoni, kifayen da ake adanawa da gishiri. Ga shito, yajin tsire, kifin gwangwani, burodi da garin ɗanɗano na Indomie.

Wanda aka fi mantawa da shi kanwa ce. Domin ana kiranta "potash" a kasuwa, wasu na zaton babu sodiyam a cikinta, alhali tana ɗauke da shi sosai. Kanwar da ake sa wa waakye ko miyar kuɓewa, da jiƙonta da ake sha don ciwon ciki, duk suna cikin lissafi. Haka ƙwayoyin maganin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa, waɗanda suka yi yawa a kantunan magani na Nijar, Togo da Benin.

Karanta jikin gwangwani na taimakawa. Idan an rubuta "sodium", sai a ninka adadin sau 2.5 a samu gishiri; kayan da suka fito daga ƙasashen renon Faransa galibi "sel" suke rubutawa, wato gishirin kai tsaye.

Gida mai tukunya ɗaya shi ne babban cikas. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebe wa majinyaci miyarsa kafin a sa gishiri da magi. Tafarnuwa, citta, masoro, kimba, albasa, tsamiya da lemon tsami, waɗanda kasuwar Nima ta cika da su, suna hana miya zama lami. Daddawa ma na yi, idan ba wadda aka cuɗa da gishiri ba ce. Jiƙa koobi a zubar da ruwan yana ragewa, amma ba ya kwashe gishirin duka. Harshe kan saba cikin 'yan makonni. Abincin bakin titi da na suna ko biki kuwa, babu mai iya auna shi. Nan ne akasari tsarin ke rushewa.

Akwai gishirin da aka maye wani ɓangarensa da potasiyam. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan amfani da shi, amma ban da masu ciwon ƙoda, domin potasiyam na iya taruwa ya rikita bugun zuciya. Mai shan spironolactone ko lisinopril ma sai ya tambayi likita tukuna. Idan aka kamu da gudawa, amai, ko ana shirin azumi alhali ana shan maganin fitar da ruwa, a koma asibiti a sake duba tsarin. A Accra, asibitin koyarwa na Korle Bu na da ƙwararrun tsara abincin majinyata, kuma daga asibitin Maamobi ana iya neman takardar turawa.