Ina Kogin Haɗeja Ya Samo Asali, Ina Kuma Ya Nufa?

Wani mai sauraronmu daga Gagarawa Tasha a Jihar Jigawa ya aiko da takarda yana cewa: don Allah ku ba ni tarihin Kogin Haɗeja, kuma me ya sa ƙasarmu ta Gumel ba ta da kogi?

To malam, mun gode. Da farko dai Kogin Haɗeja ba shi da mafari guda ɗaya. Koguna biyu ne suka haɗu suka haife shi: Kogin Kano, wanda ya gangaro daga duwatsun kudancin Kano, da Kogin Challawa mai tahowa daga yamma. Suna gamuwa kafin a kai Wudil, daga nan ruwan ya miƙa gabas maso arewa ta Ringim har Haɗeja.

Daga Wudil zuwa ƙasa ne labarin ke canzawa. Can sama ruwa bisa dutse yake gudu. Da ya shigo Jigawa sai ya tarar da rairayi shimfiɗe, da tsofaffin tuddan yashi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta fi kusa da mu. Irin tuddan nan ne ake kira jigawa, sunan da aka ba jiharku a 1991. A nan kogi yakan rasa hanzari, ya rarrabu ƙorama-ƙorama, wani ya nitse cikin ƙasa, wani rana ta shanye. Abin da ya tsira shi ke haɗuwa da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, wanda ke bin iyakar Nijar ta wajen Diffa ya faɗa Tafkin Cadi.

Amsar tambayarka ta biyu tana nan ciki. Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa suna arewa da kwarin, kan yashi, ga ƙarancin ruwan sama. Ƙananan kogunan arewacin Kano irin su Gari da Tomas sukan nufo wajenku, amma ƙasa ke shanye su a hanya. Shi ya sa kuka dogara da rijiya da tafkin damina.

Ta fuskar tarihi kuwa, kwarin nan tsohon mazauni ne. Garun Gabas, wadda ake cewa ita ce Biram ta Hausa Bakwai, tana kusa da Haɗeja, haka ma Auyo. Bayan jihadi Haɗeja ta shiga ƙarƙashin Sakkwato, Gumel kuwa ta zauna da Barno, wato ke nan iyakar manyan dauloli biyu ta ratsa tsakaninku da bakin kogi. Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906. Da suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano, wadda ta isa Nguru a 1930, bayan Ringim sai suka bi tudu ta Gagarawa da Malam Madori, suka kauce wa fadama. Kalmar "Tasha" da ke cikin sunan garinku daga nan ta fito.

Amma babban abin da ya sauya kogin shi ne madatsun ruwa. An gama Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa, sannan madatsar Challawa ta biyo a 1992. Ba wanda zai musa amfaninsu: noman rani na Kadawa da Kura, da ruwan shan birnin Kano. Sai dai na ƙasa su suka biya kuɗin. A da kogin yakan cika da damina ya malale fadamu, ya ƙafe da rani. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi, Bafillace ya sauko da shanu idan ruwa ya janye, kowa da lokacinsa. Bayan madatsun, filin da ambaliya ke shafa tsakanin Haɗeja da Nguru ya ragu da fiye da rabi. Ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓuyar jan-baki masu cinye hatsi. Sai ka ga wani gari ruwa ya ci gonakinsa, na gaba da shi kuma ko ɗigo bai samu ba. A ganinmu wannan ya fi fari ciwo, don hannun mutum ne ya jawo shi.

Saboda haka ne mutanen Yobe da Barno suka daɗe suna adawa da madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka fara ba a gama ba. Ita kuwa ambaliya ba ta daina zuwa ba. Ta 2022 ta yi ɓarna ƙwarai a Ringim da Auyo da Haɗeja, abin da ku ma kuka ji a farashin hatsi a kasuwar Maigatari.