Ibn al-Nafis da Ladabin Gyara wa Malami

Fiye da shekara dubu likitoci suka yi suna maimaita abin da Jalinus, likitan Girka da Turawa ke kira Galen, ya faɗa game da zuciya. A ganinsa, jini na ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan kafofi da ido ba ya gani, a jikin bangon da ya raba ɗakunan biyu. Ra'ayin ya shiga littattafan likitocin Musulmi, har da Al-Ƙanun na Ibn Sina. Wannan maƙala na son nuna cewa mutumin da ya rushe shi ya yi hakan ne daga cikin al'adar sharhi, wadda wasu ke ɗauka maimaici ce kawai.

An haifi Ibn al-Nafis kusa da Dimashƙu wajen 1213. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri na birnin, sannan ya koma Alƙahira, inda ya rasu a 1288. Malamin fiƙihu ne kuma a mazhabar Shafi'iyya. Wajen 1242 ya tattara abin da Ibn Sina ya rubuta kan ƙirar jikin ɗan Adam, ya yi masa sharhi. Da ya iso kan zuciya sai ya tsaya ya ce bangon nan mai kauri ne, babu wata kafa a jikinsa, ta fili ko ta ɓoye. Don haka dole jini ya fita daga ɗakin dama ya bi jijiya zuwa huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ɗakin hagu. Wannan shi ne zagayawar jini tsakanin zuciya da huhu.

Ya kamata a yi adalci a nan. Bai bayyana yadda jini ke kewaya jiki gaba ɗaya ba; William Harvey na Ingila ne ya tabbatar da wannan a 1628, bayan Servetus a 1553 da Colombo a 1559 sun yi bayanin hanyar huhu. Amma Ibn al-Nafis ya riga su da fiye da shekara 300.

Abin takaici, ɗalibai sun fi rungumar Al-Mujaz, taƙaitaccen Al-Ƙanun da aka san Ibn al-Nafis da shi, saboda sauƙin karatu, suka bar sharhin da ke ɗauke da gyaran. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da kwafinsa a ɗakin karatu na Berlin, duniya ta sake jin labarinsa.

Mu da muka gaji karatun zaure, inda ake biya matani malam na fassarawa yana jawo sharhi, darasin ya shafe mu kai tsaye. Ibn al-Nafis ya sadaukar da shekarunsa wajen hidimar littafin Ibn Sina, kuma wannan hidimar ce ta ba shi ikon nuna inda malamin ya kuskure. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wajibi ne malamanmu, na zaure da na jami'a, su tarbiyyantar da ɗalibin da zai girmama littafi, ya kuma nemi hujjar kowace magana da ke cikinsa.