Tsirkiya Mai Kauri: Daga Komo Zuwa Jita Bes



Akwai wani rauni da muke yawan gani a labaran da ake turowa. Da zarar makaɗi ya shigo labari, sai a ce ya yi kiɗa mai daɗi, shi ke nan. Ba a faɗi abin da ke hannunsa ba, balle da me aka yi shi. To yau tarihin murya ɗaya za mu bi, wato murya mai kauri da ke kwance ƙarƙashin kiɗa, wadda ƙirji ke riga kunne ji.

Mu nan Ƙofar Mazugal ba baƙin ƙarfe ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci ƙofar cikin waɗanda aka yi lokacin da Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, kuma ana danganta sunanta da zugar maƙera. Ga Dala kusa da mu, inda aka daɗe ana narka tama. Abin dariya, Turawa ma suna da kiɗan da suke kira metal, wato ƙarfe. A cikinsa akwai reshen da ake ce wa furogiresif, na masu waƙa doguwa da yawan sauya taki. A wannan reshe ne aka fi wahalar da mai jita bes, kuma matsalolin da yake fama da su, masu garaya sun daɗe da saninsu.

Mu fara da namu. A shekarar 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kayan kiɗan Hausa, wanda har yau ake komawa gare shi. Garaya tsirkiya biyu gare ta, jikinta itace ne da aka rufe da fata, kuma asalinta ta mafarauta ce kafin 'yan bori su riƙe ta. Yayarta ita ce komo, babbar garaya, mai jikin duma da dogon wuya. Hikimar a fili take: tsirkiya idan ta yi tsawo, kokon kuma ya yi girma, sai murya ta sauka ƙasa. A ɗaya gefen akwai kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi, muryarsa siririya tsit. Gurmin Haruna Uji na tsakiya. Kowanne a cikinsu zaɓi ne. Makaɗi ya san abin da yake nema tun daga wurin mai duma da majemi.

Can Amurka kuwa, sai a 1951 Leo Fender ya fitar da Precision Bass, jita mai tsirkiya huɗu da ake jonawa da lantarki. Kafin nan mai muryar ƙasa yana rungume da wani ƙaton goge ne mai tsayin mutum, wanda ganguna da ƙahoni ke dannewa. Tsirkiya mafi kauri a sabuwar jitar tana girgiza kimanin sau 41 a daƙiƙa. Wuyanta na da gaɓoɓin ƙarfe da ke nuna wa yatsa inda zai danna, daga nan ma sunan ya fito, domin ma'anarsa daidaito.

Daga nan aka shiga neman ƙari. Chris Squire na ƙungiyar Yes a Ingila ya riƙe Rickenbacker yana karta ta da ɗan maɗauki, har bes ta fito gaba kamar mai waƙa. Geddy Lee na Rush a Kanada da yatsu yake bugu, amma da ƙarfi har tsirkiya na dukan wuyan jita. A tsakiyar shekarun 1970 Anthony Jackson ya sa aka ƙera masa mai tsirkiya shida, ta ƙasan tana girgiza kusan sau 31 kacal. Irin wannan John Myung na Dream Theater ya daɗe yana riƙewa. Ƙungiyar tasu ta haɗu a Boston a 1985, kuma a 1999 suka fitar da The Dance of Eternity, kiɗan da ke sauya taki fiye da sau 100 cikin 'yan mintuna. Wanda ya taɓa ganin 'yan amshi na bin kalangu idan an juya kiɗa ba zato, zai gane nauyin da ke kan mutumin.

Sai dai saukar da murya na zuwa da tsada. Tsirkiya mai kauri a gajeren wuya sakwarkwacewa take yi, sautin ya zama kamar kunu. Tsawon da aka saba inci 34 ne, shi ya sa kamfanin Dingwall na Kanada ya karkata gaɓoɓin wuyan kamar mafici, tsirkiyar ƙasa ta samu inci 37, siraran kuma su tsaya a gajeru. Dabarar mai komo ce a cikin sabuwar riga. Wasu kuma gaɓoɓin suka ƙi ɗungurungum, kamar Sean Malone a kundin Focus na Cynic a 1993, don yatsa ya riƙa zamewa tsakanin sauti da sauti. Garaya da molo da gurmi ba su taɓa samun gaɓa ba. Sanda ce zagayayya, kunne ne ma'auni.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne kaushi. Lokacin da Meshuggah na Suwidin suka koma jita mai tsirkiya takwas, manyan jitoci suka sauko cikin gonar bes, suka nemi binne ta. Mafitar masu bes ita ce su ɓata sautinsu da gangan. Sukan raba shi biyu, su bar na ƙasa garau, na sama kuma su bi da shi ta wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa, irin ta kamfanin Darkglass na Finlan, ya fito da ƙarar zizar ƙarfe. Kunne sai ya kama zizar, ya bi ta ya tarar da kaurin. To ku dubi kan sandar garaya. Za ku ga ɗan faifan ƙarfe da aka rataya wa ƙananan zobba, wanda ke kaɗawa duk bugu. Aikinsa ke nan a filin wasa mai hayaniya da ƙura, ga 'yan caki na nasu a gefe. A ganinmu maƙerin da ya fara huda wannan faifai ya cancanci shafi a littafi fiye da sarakai da yawa. Hatta maɗaukin ma ba sabo ba ne a wurinmu, da guntun busasshiyar fata mai tauri ake kartar garaya.

Me ya sa jita bes ba ta zauna a cikin birni ba? Ta zo Arewa, ba shakka. Ƙungiyoyin hailaif sun yi wasa da ita a otal-otal na Sabon Gari, kuma Bala Miller ya rera Hausa a kanta daga Kaduna. Amma a bayan ganuwa ta tsaya. A cikin gari ganga da kalangu da ƙwarya sun riga sun cike gurbin, kuma kiɗa sana'ar gado ce da ɗan malam ko ɗan attajiri ba ya ɗauka. Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai fiyanon Yamaha ya shigo situdiyo, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bayyana a rubuce-rubucensa. Mutum ɗaya ya zama ƙungiya, hannun hagunsa ya zama bes. Ya fi arha, ba a musu, amma yatsan da ke jan tsirkiya bai samu magaji ba. Ga shi kuma yawancinmu ta wayar hannu muke sauraro, sifikarta kuwa ba ta iya fitar da girgiza 41 ko kusa. Mai haɗa kiɗa ya san haka, don haka yakan tura komai sama.

A Nijar labarin ya bi wata hanya. Mdou Moctar, Buzu daga yankin Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinanmu, kuma ta wayoyin hannu ya yaɗu. Bayan shekaru, da ya kafa ƙungiyar da ta yi Afrique Victime a 2021, kiɗansa ya yi nauyi har masu sauraron metal suka waiwayo. Mai ganga da mai jita ta biyu 'yan Nijar ne. Mai bes ɗin, Mikey Coltun, daga Amurka ya zo.